FASHIN BAƘI: "Ya tsallaka iyaka": Abin da fim ɗin kisan jirgin ƙasa na Agatha Christie ke nunawa kan ɗora wa baƙo laifi

A Lafani da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Illela ta Jihar Sakkwato, iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar ba abin ba da labari ba ce. Birnin Ƙonni ya fi babban birnin jihar kusa da su, dangi ɗaya ne a tsallaken biyu, ana auratayya, ana cin kasuwa tare. Sai dai wannan kusanci yana da wata rana ga duk mai son a daina tambaya. Idan aka yi fashi ko aka tsinci gawa, magana ɗaya ta isa ta kashe zance: baƙo ne ya yi, kuma ya riga ya tsallaka.

Wani lokaci gaskiya ce. Wani lokaci kuma ita ce hanya mafi arha ta rufe bincike, domin wanda ya tsallaka ba ya zuwa kotu ya kare kansa, ba a kuma tambayar kowa dalilin rashin kama shi.

Da irin wannan magana aka rufe ɗaya daga cikin fitattun labaran binciken kisa a duniya, wato *Murder on the Orient Express* na marubuciyar Ingila Agatha Christie, wanda ya fito a 1934 kuma aka sha mayar da shi fim. Da ita kuma aka rufe *October 1*, fim ɗin Najeriya na 2014 da jaruminsa ɗan sanda ne Bahaushe. Wannan sharhi ya duba finafinan biyu, da abin da suke nunawa game da yadda ake binne gaskiya. A sani, za a bayyana ƙarshen labaran duka.

Yadda labarin yake

Hercule Poirot, tsohon ɗan sandan Beljiyam da ya shahara wajen binciken ƙwaƙwaf, ya shiga jirgin ƙasan alfarma daga Santambul zai koma Landan. A cikin jirgin wani attajiri Ba'amurke mai suna Ratchett ya nemi ya ɗauke shi aikin tsaron lafiyarsa, yana cewa ana barazanar kashe shi. Poirot ya ƙi. Cikin dare dusar ƙanƙara ta tare hanya a ƙasar Yugoslabiya ta wancan zamani, jirgin ya tsaya cak. Da gari ya waye aka sami Ratchett a ɗakinsa an caccaka masa wuƙa sau 12.

Alamomin farko duk sun nuna waje. Tagar ɗakin a buɗe take. An tsinci maɓallin rigar ma'aikatan jirgi, daga baya aka gano rigar kanta a jakar wata fasinja, kamar dai wani ne ya yi shigar burtu ya shigo. Wasu fasinjoji ma sun ce sun ga wani ɗan guntun mutum da ba su sani ba yana wucewa.

Abu biyu suka hana Poirot karɓar wannan bayani. Na farko, babu sawun kowa a kan dusar da ke ƙarƙashin tagar. Na biyu, raunukan ba na hannu ɗaya ba ne: wasu masu zurfi, wasu ƙwarzane kawai, wasu na dama, wasu na bahago. Wata guntuwar takarda da ba ta gama ƙonewa ba ita ta ba shi bakin zaren. Ashe Ratchett sunan aro ne. Mutumin shi ne Cassetti, wanda shekarun baya ya sace wata yarinya mai suna Daisy Armstrong a Amurka, ya karɓi kuɗin fansa, alhali ya riga ya kashe ta. Baƙin ciki ya yi ajalin mahaifiyarta mai juna biyu, mahaifinta ya harbe kansa, wata mai aikin gidan da aka zarga bisa ƙarya ita ma ta kashe kanta. Shi kuwa Cassetti ya kuɓuta daga hukunci ya bar ƙasar.

A ƙarshe Poirot ya tara fasinjojin ya shimfiɗa musu bayani biyu. Na ɗaya: wani baƙo ya shigo a wata tasha, ya yi kisan, ya sulale. Na biyu, wanda shi ne gaskiya: kusan duk wanda ke cikin taragon yana da alaƙa da gidan Armstrong, daga kaka zuwa direba zuwa mai dafa abinci, kuma mutum 12 ne suka yi layi kowa ya soka wuƙa sau ɗaya. Sun zaɓi 12 ne domin adadin mutanen da ke zama su yanke hukunci a kotunan Ingila da Amurka ke nan. Bayanin farko aka miƙa wa 'yan sanda.

Tushensa a zahiri

Christie ba daga iska ta ɗauko labarin ba. Ranar 1 ga Maris 1932 aka sace ɗan shahararren matuƙin jirgin saman Amurka, Charles Lindbergh, yaro ɗan wata 20. Iyayen sun biya dala 50,000, amma a watan Mayu aka tsinci gawar yaron ba nisa da gidan. Wata mai aikin dangin, Violet Sharp, ta kashe kanta bayan 'yan sanda sun matsa mata da tambayoyi, daga baya aka tabbatar ba ta da hannu. Lokacin da littafin ya fito a farkon 1934 ba a kama kowa ba tukuna; sai a watan Satumba na shekarar aka cafke Bruno Richard Hauptmann, wanda aka zartar wa hukuncin kisa a 1936. Ke nan an rubuta littafin ne a daidai lokacin da jama'a ke ganin wanda ya kashe yaro ya sha, kuma hukuma ta gaza.

Irin wannan adabi yana da ƙa'idojinsa. A 1929 wani marubucin Ingila, Ronald Knox, ya jera guda goma, ta farkonsu ita ce dole mai laifin ya zama wanda aka gabatar wa mai karatu tun farkon labari. Wato a wannan fage, "wani baƙo da ba a sani ba" amsa ce ta malalacin mai bincike. Christie ta bi ƙa'idar har iyakarta, ta sa kowa na ciki ya zama mai laifi, sannan ta bar amsar malalacin ta zama ita ce ta hukuma.

Abin da masu fim suka sauya

Kowane fim da aka yi daga littafin ya tsaya ne a kan tambaya guda: yaya mai bincike ke ji idan ya ɓoye gaskiyar da ya gano?

A fim ɗin 1974 na darakta Sidney Lumet, wanda Albert Finney ya fito a Poirot kuma Ingrid Bergman ta ci kyautar Oscar da shi, abin bai zama wani tashin hankali ba. An zaɓi bayani mai sauƙi, waɗanda suka yi kisan suka ɗaga kofuna suna taya juna murna, jirgi ya ci gaba da tafiya.

A na talabijin na 2010 da David Suchet ya fito, Poirot ya fusata ƙwarai. Ya yi musu tatas kan cewa babu wanda ya naɗa su alƙalai, kuma ya yi wa 'yan sanda ƙaryar ne yana damƙe da carbinsa, idonsa cike da ƙwalla.

Na 2017, wanda Kenneth Branagh ya ba da umarni kuma ya fito a Poirot, tare da Johnny Depp, Michelle Pfeiffer da Judi Dench, shi ne ya fi yaɗuwa a wannan zamani. An kashe kimanin dala miliyan 55 wajen shirya shi, ya tara sama da miliyan 350. Ya ƙara abubuwa biyu da babu su a littafin. Fim ɗin ya buɗe ne a Birnin Ƙudus, inda ake zargin limamin Musulmi, malamin Yahudawa da limamin Kirista da satar wani kayan tarihi, gari na shirin kamawa da wuta, sai Poirot ya nuna cewa babban jami'in 'yan sandan da ke kula da binciken ne ɓarawon. Abu na biyu, an mayar da Arbuthnot likita baƙar fata. Da Poirot ya so zame jiki daga binciken, abokinsa Bouc, jami'in kamfanin jirgin, ya tuna masa cewa in aka bar wa 'yan sandan yankin, za su rataye Marquez saboda sunansa ko likitan saboda launin fatarsa.

Wannan ƙari shi ne ya fito da haɗarin da littafin ya tsallake. A littafin, baƙon da aka ɗora wa laifi ƙirƙirarre ne, babu shi a duniya, don haka ba wanda ya cutu. A rayuwa kuwa, da zarar an ce baƙo ne, sai an nemo baƙo mai jini da tsoka.

Sufeto Danladi Waziri

Abin da *October 1* ya nuna ke nan. Fim ɗin, wanda Tunde Babalola ya rubuta kuma Kunle Afolayan ya ba da umarni, ba daga wani littafi aka ɗauko shi ba, amma a kan tsarin irin labaran Christie aka gina shi: ƙaramin gari, gawarwaki, mai bincike daga nesa, da lokaci ƙayyadadde.

A watan Satumba na 1960, Di'o Bature ya tura Sufeto Danladi Waziri zuwa wani gari mai suna Akote a Jihar Yamma, inda ake yi wa 'yan mata fyaɗe ana kashe su. Umarnin shi ne ya gama kafin ranar 1 ga Oktoba, kada abin ya ɓata bikin samun 'yancin kai. Marigayi Sadiq Daba, wanda masu kallon NTA suka sani da Bitrus a shirin *Cock Crow at Dawn*, shi ya fito a Waziri, kuma rawar ta ba shi kyautar gwarzon jarumi ta AMAA a 2015.

Da aka kashe ɗiyar wani manomi ɗan ƙabilar Ibo, sai mutane suka kama wani matafiyi ɗan Arewa mai suna Usman, wanda laifinsa kawai shi ne an gan shi a dajin. Mahaifin yarinyar ya kashe shi da adda yana hannun 'yan sanda. Daga baya Waziri ya gano cewa mai kisan shi ne Aderopo, ɗan sarkin garin, wanda ya fi kowa ilimin boko a Akote, kuma wani limamin coci Bature ne ya lalata shi tun yana yaro a makaranta a Legas. Da Sufeton ya kai rahotonsa, Turawan mulki suka ce sam. Gaskiyar za ta taɓa gidan sarauta, ta taɓa coci, ta taɓa su kansu, a jajibirin miƙa mulki. Aka matsa masa ya bar sunan Usman a matsayin mai laifi, ya kuma bari.

Bambancin finafinan biyu a nan yake. Poirot ya yi ƙarya don ya kare mutanen da kotu ta juya wa baya. An sa Waziri ya yi ƙarya don a kare manya. Amma takardar da ta shiga kundin hukuma iri ɗaya ce: baƙo ne ya yi.

Daga Akote zuwa Uromi

Shekara goma da 'yan watanni bayan fitowar fim ɗin, a ƙarshen Maris 2025, 'yan sintiri suka tare wata babbar mota a Uromi ta Jihar Edo. A ciki akwai mafarauta 'yan Arewa da suka taso daga Jihar Ribas za su Kano yin Sallah. An ga bindigogin farauta a tare da su, aka yi ihun masu garkuwa da mutane ne, taron jama'a ya kashe mutum 16. Yankin yana fama da satar mutane da gaske, kuma fushin mazauna na da dalili. Sai dai babu wanda ya tsaya ya duba sawu. 'Yan sanda sun ce sun kama mutum 14, gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya je Kano ta'aziyya. Waɗanda ke satar mutane a dazukan Edo kuwa kisan bai rage su da ko mutum ɗaya ba.

Wannan ba ya nufin cewa ba a taɓa samun mugu daga waje. Mutanen Illela, Tangaza da Gudu sun san haka fiye da kowa. A watan Nuwamba na 2024 hedikwatar tsaro ta bayyana Lakurawa a matsayin ƙungiyar 'yan ta'adda da ta kwararo ta kan iyaka zuwa Sakkwato da Kebbi. Amma mazauna yankin da masu nazarin tsaro sun bayyana cewa mutanen sun daɗe a wurin, kuma wasu shugabannin al'umma ne suka fara gayyato su shekarun baya domin su kore musu ɓarayin shanu, bayan an rasa kariyar hukuma. Da ɗan gari kan ci gari. Ko a jirgin Christie, shirin ba zai yiwu ba sai da hannun kwandastan taragon, Pierre Michel, wanda ke riƙe da mabuɗan ƙofofi. Bayanin da ya tsaya a kan "daga ƙetare suka zo" yakan bar tambayoyi mafi nauyi a baya: wa ya nuna hanya, wa ke sayar da mai da abinci, wa ke sayen dabbobin sata, kuma ina jami'an da ke shingayen hanya suke.

Shin mutum 12 ɗin sun yi daidai?

Mai kallo yakan fita daga fim ɗin yana tausaya wa waɗanda suka kashe Cassetti, kuma an shirya labarin ne don ya ji hakan. Marubuciyar ta kawar da duk wani kokwanto: mutumin shi ne mai laifin, babu tantama, kuma waɗanda suka kashe shi sun san shi ido da ido. Taron da ke ɗaukar doka a hannu a kan titi ba ya da wannan tabbaci. Abin da yake da shi ihu ne da jita-jita, kamar yadda aka gani a Aluu ta Jihar Ribas a watan Oktoba na 2012, inda aka kashe ɗaliban Jami'ar Fatakwal huɗu bisa zargin sata.

Dabarar raba wuƙa tsakanin hannuwa 12, don kada a san sukar da ta yi kisa, ita ma ba ta wanke kowa a gaban doka. Sashe na 79 na dokar Penal Code da Arewa ta fara aiki da ita a 1960 ya tanadi cewa idan mutane suka aikata laifi da niyya ɗaya, kowannensu zai ɗauki alhakin kamar shi kaɗai ya yi. A fiƙihun Malikiyya ma ana yi wa jama'a ƙisasi saboda rai ɗaya idan sun haɗa baki, kuma tabbatar da laifi da zartar da hukunci aikin alƙali ne da hukuma, ba na dangin mamaci ko 'yan unguwa ba.

Sai dai doka a takarda ba ta hana mutane yanke ƙauna. Ranar 19 ga Oktoba 1986 aka kashe ɗan jarida Dele Giwa da bam a cikin ambulan. Ranar 23 ga Disamba 2001 aka harbe Bola Ige a gidansa na Ibadan yana ministan shari'a mai ci. Ranar 13 ga Afrilu 2007 aka harbe Sheikh Ja'afar Mahmud Adam yana limancin sallar Asuba a masallacin Ɗorayi a Kano. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da kotu ta hukunta wani a kansa. Idan jinin ministan shari'a ya tafi haka, ba abin mamaki ba ne manomin Lafani ya ɗauka cewa kai ƙara ɓata lokaci ne. Daga irin wannan yanke ƙauna ake samun 'yan sa-kai masu yanka a kasuwa, da garuruwan da ke gayyato 'yan bindiga su yi musu gadi.

Akwai kuma misalin da ya nuna abin yana yiwuwa. A watan Disamba na 2021 aka sace Hanifa Abubakar, 'yar shekara biyar, a Kano, aka nemi fansar miliyoyin naira. Labarinta ya yi kama da na Daisy Armstrong ƙwarai. Jami'an tsaro sun bi sawun masu neman fansar har suka kama su a watan Janairu na 2022, sai ga shi ba wani baƙo ba ne: mai makarantar da take zuwa ne, Abdulmalik Tanko. Ranar 28 ga Yuli 2022 babbar kotun Kano ta yanke masa hukuncin kisa tare da wani abokin aikata laifinsa. Ƙasa da wata takwas ke nan tsakanin sata da hukunci. Jama'a sun fusata matuƙa, amma shari'ar ta gudana a gaban alƙali, da shaidu da lauyoyi, domin an yi bincike kuma idon duniya bai kau daga kanta ba.

Tambayoyin da suka kamata a riƙa yi

Kayan aikin Poirot ba su da tsada. Likita ya duba gawa kafin a taɓa ta, aka kiyaye ɗakin, aka zauna da kowane shaida shi kaɗai, aka gwada maganar wannan da ta wancan. Babban abin da ya samu shi ne lokaci, domin dusar ƙanƙara ta hana kowa fita.

A nan lokacin ne ke fara kuɓucewa. Ana gaggauta sutura kamar yadda addini ya koyar, jama'a sun tattake wurin kafin jami'ai su iso, dakunan gwaje-gwajen kimiyya kuma sun yi ƙaranci kuma suna nesa. Abin da ya rage wa mai bincike shi ne iƙirarin wanda aka kama, shi ya sa ake yawan ganin an jera mutane gaban kyamara suna amsa laifi tun ba a kai su kotu ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani, ta kuma tanadi a naɗi bayanin amsa laifi a rubuce, da damar ɗaukarsa a bidiyo. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta tilasta iƙirari da duka. Duk da haka, kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen gyaran hali a Najeriya jiran shari'a suke yi.

Don haka duk lokacin da sanarwa ta fito cewa wasu da ba a san ko su wane ne ba sun yi kisa sun tsere, ko an kama wani baƙo ya amsa laifi, akwai tambayoyin da dangi, 'yan jarida da matasan gari ke da haƙƙin yi. Wane likita ya duba gawar, kuma ina rahotonsa? Wace shaida ce ta haɗa wanda aka kama da laifin, ban da bakinsa? Yaushe aka kai shi gaban alƙali, tunda tsarin mulki ya ce cikin kwana ɗaya ko biyu? Idan an ce ya tsallaka, an rubuta wa hukumomin Ƙonni, ko a baki aka bar maganar? Wa ke cin riba idan aka rufe zancen a nan?

A ƙarshen *October 1* an sauke tutar Ingila an ɗaga kore da fari, ana ta kaɗe-kaɗe. Sunan Usman na nan a rahoton hukuma a matsayin wanda ya kashe 'yan matan Akote, kuma mutum ɗaya tilo da ke da hujjar wanke shi ya sa hannu ya yi shiru.